Fim ɗin baƙi da fari na ɗaukar hoto a hazo: wanne za ka saya?

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu in hazo ya sauko Gombe, Dutsen Bima kan koma kamar zane, kuma da asuba a Dadin Kowa tururi na tashi a kan ruwan dam masunta na ratsawa da kwalekwale. Masu tsohuwar kyamara irin Pentax K1000 ko Yashica suna yawan tambaya wane fim ya kamata su saya domin irin wannan yanayi, toh ga abin da na sani.

Matsalar hazo ita ce yana kashe bambancin haske da duhu, komai ya zama toka-toka, sannan mitar kyamara tana ruɗewa, ta ga fari ya yi yawa ta rage haske, hoton ya fito a dushe. Dole ka ƙara haske da hannunka, mataki ɗaya ko ɗaya da rabi a kan abin da mita ta ce, mataki ɗaya shi ne ninka hasken da ke shiga sau biyu. Saboda haka fim ɗin da ake so shi ne mai haƙuri, wanda ko lissafinka ya ɗan goce ba zai watsa maka ƙasa a ido ba.

Ni dai Ilford HP5 Plus nake saya, ISO 400 (ISO lambar saurin kama hasken fim ce), a Ingila ake yinsa, kuma tun 1989 yake kasuwa da wannan sunan. Gaskiya ban ga na biyunsa ba a hazo. Tokarsa tana da hawa-hawa, bishiyar kusa ta fito baƙa, ta bayanta ta ɗan yi haske, dutsen can nesa ya kusa ɓacewa amma yana nan, wannan jerin shi ne duk daɗin hoton hazo kuma HP5 ba ya haɗiye shi. In ka ga ranar ta yi lis da yawa sai ka saita ISO na kyamara a 800 ko 1600 ka ƙara lokacin wanki, baƙin ya ƙara ƙarfi. Da ruwan wanki na ID-11 wanda ba a sirka ba, a zafin digiri 20, minti 7 da rabi ne in a 400 ka ɗauka, minti 10 da rabi a 800, minti 14 a 1600. Kuma lokacin sanyi ruwan randa da safe yana kusa da digiri 20 ɗin, ba sai ka nemi ƙanƙara ba kamar watan Afrilu, amma dai ka auna. In ka ɗaura masa filta ruwan ɗorawa ko ruwan lemo a bakin gilashi zai ɗan ratsa ƙurar, ja kuwa yana cinye hazon da ka fito nema, ni ba na sa shi.

Sauran fa? Kodak Tri-X 400 tsohon hannu ne tun 1954, yana da kyau, amma baƙinsa na saurin rufe inuwa. Kentmere 400 kamfani ɗaya ne ke yinsa da Ilford, ya fi araha, mai koyo ya fara da shi ba laifi. FP4 Plus ISO 125 ne kawai, da asuba sai da ƙafar kyamara. Fomapan 400 fatarsa laushi gare ta, ƙurar hunturu ɗaya ta shiga ta ja masa layi daga farko har ƙarshe. Delta 3200 ka bar shi, ba ya jure zafin garinmu. XP2 Super ne kaɗai zan ɗan tsaya a kai, don da sinadarin fim mai kala ake wanke shi, wato C-41, in ba za ka wanke da kanka ba kuma wanda za ka aika wa injin kala kawai gare shi, to shi ne mafita.

Amma wallahi duk wannan zaɓen banza ne in aka sayar maka da mataccen fim. Wani mai talla a Instagram ya taɓa aiko min nadi a gwangwanin Ilford, ya rantse sabo ne, da na wanke nagatif ɗin ya fito da duhu ko'ina har gefen da haske bai taɓa ba, kuma babu rubutun kamfani a jikinsa. HP5 na gaske in an wanke za ka ga ILFORD HP5 PLUS a rubuce a gefen ramukan, Tri-X kuma 400TX. Abin da irin waɗannan masu tallan suke yi, su sayo babban nadi mai ƙafa 100 na fim mai araha ko wanda ya daɗe da lalacewa, su yayyanka su cusa a tsofaffin gwangwanaye. Yankawar ba laifi ba ce in mutum ya faɗa maka, ɓoyewar ce cuta. Ka duba harshen fim ɗin, in yankan almakashi ne a karkace ka yi tambaya. Kar ka karɓi fim ba kwali, ka ce a turo maka hoton kwanan watan da ke jikin kwalin kafin ka tura ko sisi, kuma ka lura ko an liƙa wata takarda a kai. In ya ce maka ai a firij yake ajiye, tambaye shi wane firij, da wace wutar. Fim ɗin da ya sha rana a kanta wata da watanni ya riga ya yi nasa hazon a ciki, ka ɗora na hunturu a kai me zai rage?

Wanda ɗan'uwa zai taho maka da shi daga waje kuma, ka roƙe shi kar ya sa a jakar da ake aunawa, ya riƙe a hannu ya nemi a duba da hannu, sabbin na'urorin CT masu duba kaya a filin jirgi suna ƙona fim ko da sau ɗaya ya wuce. In mai sayarwa sabo ne a wurinka, nadi ɗaya za ka fara saya, ka ɗauka ka wanke ka karanta gefen, sannan ka yi odar sauran.