Wordfence na kyauta a shafin ƙaramar mujalla: abin da yake tarewa da abin da yake bari ya wuce

Ƙananan mujallu da dama a Kano, Kaduna da Abuja a kan WordPress, manhajar gina shafukan intanet, suka kafa shafinsu, kuma tsarin kusan iri ɗaya ne. Wani matashi ne ya gina shafin, aka biya shi ya kama gabansa, edita da wakilai biyar ko shida suna shiga da kalmomin sirrin da ba a taɓa canzawa ba, a cikin rumbun bayanai kuwa ga sunaye, lambobin waya da adiresoshin masu biyan kuɗin mujalla da masu ba da talla. Irin wannan shafi ne ake yawan ba shawarar a liƙa masa Wordfence, manhajar tsaro ta kamfanin Defiant na Amurka wanda Mark Maunder ke jagoranta. Shawarar tana da kyau, na kyautan ya cancanci a saka shi. Sai dai idan aka bar shi yadda ya zo ba a zauna an saita shi ba, rabin aikinsa kawai zai yi, wani lokacin ma 'yan gida zai kulle a waje.

Abu uku ne a cikinsa: katanga mai tace duk buƙatar da ta zo shafin, mai bincike da ke duba fayiloli don gano abin da aka cusa, da kuma tsaron ƙofar shiga.

Kafin a saka shi a ɗauki kwafin shafin gaba ɗaya, fayiloli da rumbun bayanai, a ajiye a wani wuri daban da sabar, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta. Bayan an saka zai nemi imel don aiko da lambar lasisi ta kyauta. A ba shi imel ɗin mujallar, kada a ba shi na wanda ya gina shafin, domin can duk gargaɗi zai riƙa zuwa, can kuma ake aika mabuɗin buɗewa idan an kulle mutum.

Katangar tana fara aiki da mako ɗaya na koyo, abin da suka kira Learning Mode. A cikin wannan makon tana lura da ayyukan yau da kullum tana yi musu izini. Ga mujalla a nan matsalar take: idan makon ya faɗo lokacin da babu fitowa, katangar ba za ta ga an ɗora lambar talla (code) ko an dasa bidiyon YouTube a tsakiyar labari ba, sai ranar da ake rige-rigen fitar da sabon bugu edita ya danna ajiye labari a ce an toshe shi. Maganin shi ne a yi duk ayyukan fitowa guda a cikin makon, da gangan. Idan kuwa akwai zargin an riga an shiga shafin, kada a bar shi a koyo ko na yini ɗaya, don zai iya ɗaukar aikin ɓarawo a matsayin halas. A mayar da shi Enabled and Protecting nan take.

Mataki na gaba shi ne wanda aka fi tsallakewa. Da farko katangar tana tashi ne tare da sauran manhajojin da aka liƙa, wato bayan WordPress ya riga ya soma aiki. Sai an danna wurin inganta katanga kafin ta koma Extended Protection, inda take tsayawa gaban komai. Yana yin haka ne ta ƙara layi a fayil ɗin .htaccess ko .user.ini da ke nuni zuwa wordfence-waf.php. Zai ce a sauke kwafin waɗannan fayiloli tukuna, a saurare shi. A kuma rubuta wannan a ajiye: ranar da za a sauya kamfanin hayar saba, a kashe wannan ingantawa kafin a kwashe kaya. In ba haka ba layin zai ci gaba da nuni zuwa adireshin tsohuwar saba, sabon shafin ya buɗe fari fat babu ko harafi.

Saitin ƙofar shiga yana zuwa da sassauci: sai an yi kuskuren kalmar sirri sau 20 kafin a kulle. A rage zuwa 5. Amma a san cewa lambar IP yake kullewa, wato lambar da na'ura ke fita intanet da ita, ba mutum ba. Ofishin mujalla da ke kan na'urar intanet ɗaya duk lamba ɗaya suke fita da ita, don haka wakili ɗaya mai mantuwa zai iya hana kowa shiga. Layukan waya ma haka, kamfanoni suna haɗa masu amfani da yawa a kan lamba guda, kuma lambar tana canzawa. Saboda haka kullewar awa ɗaya ko biyu ta wadatar, toshe lamba har abada kuwa yana iya korar masu karatu da ba su ji ba ba su gani ba. Zaɓin kulle duk wanda ya rubuta sunan shiga da babu shi yana da zafi da yawa ga gidan da ke da marubuta da dama. Ya fi kyau a bar shi a kashe, a rubuta admin da sunan mujallar a jerin sunayen da za a toshe da zarar an gwada su, muddin babu mai amfani da su.

Idan shafin yana bayan Cloudflare, kamfanin da baƙi ke ratsawa ta sabobinsa kafin su isa shafi, a je wurin da ake zaɓar yadda Wordfence ke gane lambar baƙo a zaɓi CF-Connecting-IP, sannan a duba cewa lambar da ya nuna ita ce ta mai saitin. Idan ya rikita, duk baƙi za su bayyana da lambobin Cloudflare, kulle mai kutse ɗaya ya zama kulle jama'a.

Inda na kyautan ya fi burgewa shi ne tabbatarwa mai mataki biyu. Yana aiki da Google Authenticator da makamantansa, lamba shida mai canzawa duk daƙiƙa 30, ba ya buƙatar saƙon tes, don haka wanda ya sace layin waya bai samu komai ba. Ana iya wajabta shi ga masu matsayin mai gudanarwa da edita, kuma ya kamata a wajabta. Yana ba da lambobin ceto guda 5, a buga su a takarda a saka a aljihun tebur mai makulli, domin waya tana faɗawa ruwa, ana kuma ƙwace ta a hanya. Idan lambar ta ƙi karɓuwa alhali daidai aka rubuta, yawanci agogon wayar ne ya kauce, a mayar da shi saiti na kai-tsaye. Tun da an zo nan, a rage masu matsayin mai gudanarwa zuwa biyu. Wakili matsayin marubuci ya ishe shi.

Babban raunin na kyauta kamfanin bai ɓoye shi ba: sabbin dokokin katanga da sabbin alamomin gane muguwar manhaja sai bayan kwana 30 suke isowa, masu biya kuwa nan take suke samu. Dokokin gama-gari suna aiki tun ranar farko, amma na wata kafa da aka gano jiya sai an jira. Masu kutse ba sa jiran wata guda. A watan Satumba na 2023 kamfanin tsaron shafuka Sucuri ya ƙirga shafuka sama da 17,000 da harin Balada Injector ya shafa, fiye da 9,000 daga ciki ta kafar da ke cikin manhajar tagDiv Composer aka shige su. Wannan manhaja ita ce abokiyar tafiyar Newspaper da Newsmag, rigunan shafi, wato masu tsara kamanninsa, da gidajen labarai da mujallu suka fi so. An riga an toshe kafar a bugu na 4.2, waɗanda ba su sabunta ba ne suka sha. Mai karatu zai buɗe labari sai a jefa shi shafin caca ko na damfara, muguwar lambar kuma tana kwance a rumbun bayanai, a teburin wp_options, ba a fayil ba.

Wannan ya taɓo iyakar mai binciken ma. Ƙarfinsa shi ne kwatanta fayilolin shafi da na asali da ke ma'ajiyar WordPress.org, ya nuna layin da aka canza, ya kuma gyara da dannawa ɗaya. Riga irin Newspaper ana sayenta ne a kasuwar ThemeForest, ba ta cikin wannan ma'ajiya, don haka babu asalin da zai kwatanta da shi, sai dai ya nemi alamomin da ya sani. Idan kuma rigar ta sata ce, irin wadda ake rabawa kyauta an fasa lasisinta, ba ta karɓar sabuntawa, sau da yawa ma da ƙofar ɓarawo a ciki take zuwa. Babu saitin Wordfence da ke gyara wannan, sai a sayi ta gaske.

A kan saba mai arha da ake haya tare da wasu, nauyinsa yana bayyana. Cikakken bincike a na kyauta duk kwana uku yake gudana, kuma mujalla mai hotunan shekaru da yawa tana iya sa shi ya tsaya a tsakiya. A kunna zaɓin bincike mai ƙaramin nauyi, a bar Live Traffic, wato tarihin ziyarar baƙi, a kan abubuwan tsaro kaɗai. Saƙonnin gargaɗi ma a rage su zuwa masu tsanani da shigar mai gudanarwa daga sabuwar na'ura, domin editan da ke samun imel talatin a rana zai daina buɗewa, har da wanda ya kamata ya gani.

Batun doka ya kamata a fahimce shi sarai. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta yi wa aikin jarida sassauci a wasu wurare, amma sassaucin bai haɗa da sashe na 40 ba, wanda ya shafi fitar bayanai, kuma jerin masu biyan kuɗi da masu talla harkar kasuwanci ce, ba aikin jarida ba. Idan bayanai suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, wajibi ne a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 daga lokacin da aka sani, idan haɗarin babba ne a sanar da mutanen su kansu. Iyakar tara ga ƙaramar cibiya naira miliyan 2 ce ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa, ga manyan masu riƙe bayanai kuwa miliyan 10 ko kashi 2. Wordfence yana taimakawa wajen gano kutsen da wuri da nuna cewa an ɗauki matakin tsaro. Ba ya rubuta takardar manufar sirri, ba ya neman yardar masu rajista, ba ya share bayanan da suka daɗe ba amfani. Shi kansa yana aika lambobin IP zuwa sabobinsa a waje, don haka a ambace shi a takardar manufar. Tarihin ziyarar da yake ajiyewa kuma yana gogewa da kansa, saboda haka da an ga alamar kutse a nemi cikakken tarihin shiga daga kamfanin hayar saba kafin su ma nasu ya goge.

Ba ya ɗaukar kwafin ajiya, wannan aikin UpdraftPlus ne ko makamancinsa. Ba ya tare ambaliyar buƙatu da ake turowa don durƙusar da shafi bayan labari mai zafi, tunda a kan sabar da ake danne wa yake zaune. Don wannan akwai Project Shield na Google da Project Galileo na Cloudflare, waɗanda gidajen jarida da suka cika sharuɗɗa ke samu kyauta. Imel da Facebook na mujallar ma suna wajen katangarsa.

Na biya, wanda ake sabuntawa duk shekara da dala, ya dace da mujallar da ke karɓar kuɗi ta shafin ko take riƙe da dubban adiresoshi. Wadda labarai kawai take ɗorawa, na kyauta ya ishe ta, da sharaɗin a naɗa mutum ɗaya da sunansa wanda kowace Litinin zai buɗe shafin sabuntawa, ya karanta sakamakon bincike, ya kuma ƙirga masu matsayin mai gudanarwa ya tabbatar har yanzu biyu ne.