Kejin Kare Mai Zama Teburin Baranda: Wane Katako Ya Kamata Ka Saya?

A yawancin gidajenmu kare ba ya shiga falo, aikinsa gadi, wurinsa tsakar gida ko bakin get. Don haka kejin da ake magana a kai shi ne wanda zai zauna a baranda ko gefen gareji, kare na kwance a ciki da rana, samansa kuma teburi ne da za a ɗora tukwanen fulawa, fitila ko kayan wankin mota. Aiki biyu ke nan a kan abu ɗaya, kuma kowanne da buƙatarsa: teburi na son kyau da sama mai ɗaukar nauyi, keji na son iska, ƙarfi da sauƙin wanki.

Kafin ka taka kasuwa, auna karen. Daga hanci zuwa gindin wutsiya ka ƙara inci 4, shi ne tsawon ciki. Daga ƙasa zuwa saman kai yana tsaye ka ƙara inci 4, shi ne tsayi. Karen gida matsakaici yana wadatuwa da inci 36 a tsawo, 24 a faɗi, 26 a tsayi, wanda da ƙafafu da sama zai zo daidai tsayin teburin cin abinci. German Shepherd babba na son 48 da 30 da 33, kuma wannan ya wuce teburin zama, sai dai kantar shago. Ɗan kwikwiyo kuwa, da girman ubansa ake auna masa.

Masu zuwa a kwali daga waje, waɗanda ake ɗaurewa da sukuru, kusan duk MDF ne, wato allon garin katako da aka matse da gam, fitsari ɗaya ya isa ya kumbura ƙasansu. Na roba na tafiya ne, ba ya ɗaukar komai a sama. Na ƙarfe zalla da mai walda ke yi yana da ƙarfi, amma a watan Afrilu ya zama tanda, kuma ba mai kiransa kayan ɗaki. Na katako zalla mai sandunan katako yana da kyau a ido har ranar da kare ya gano cewa sanda na taunuwa.

Abin da ya rage, kuma shi ne zaɓin da ya fi, firam na iroko da sandunan rodi.

Iroko, wanda ake ce wa loko, katako ne mai nauyi, busasshensa na kai kilo 650 a kowace kubik mita (mita ɗaya a tsawo, faɗi da tsayi), alhali obeche, wani farin katako mara nauyi, bai kai 400 ba. Zuciyarsa, wato tsakiyar itacen, gara ba ta cika kusantarta ba, ruwa ba ya saurin ruɓar da ita, shi ya sa ake yin ƙofofi da tagogin waje da shi. Wannan yana da amfani biyu a nan. Na ɗaya, za ka riƙa wanke kejin da ruwa da sabulu kowane mako ba tare da fargaba ba. Na biyu, ba sai an jiƙa shi da maganin gara ba, kuma duk abin da aka shafa wa katakon keji, ƙarshensa cikin bakin kare ne. Sabon yanka rawaya yake, da ya sha iska da haske sai ya koma ruwan ƙasa mai duhu, banish mara launi kawai yake buƙata ya fito. Aibinsa tsada, da ƙurarsa mai sa atishawa da ƙaiƙayi, sannan wani lokaci akan tarar da ɗan dutse fari a cikinsa mai dakusar da zarto. Kafinta zai yi ƙorafi, ka ƙara masa kuɗin aiki, ya cancanta.

Maɗaci, mahogani a bakin 'yan kasuwa, shi ne na biyu idan an samu busasshe. Malaina na iya yin saman teburi idan aljihu ya matse, ba ƙafafu ba. Afara da obeche abincin gara ne.

Ga lissafin babban keji, mai inci 48. Katako mai inci 2 da 3 guda biyar masu tsawon ƙafa 12 don ƙafafu da gicciye, 2 da 2 guda ɗaya don firam ɗin ƙofa, allo 1 da 12 guda biyu don sama, a yanka gida uku masu inci 54 a haɗa. Rodi mai santsi na milimita 12, guda uku masu mita 12, za su ba da sanduna kusan 40 na gaba da gefe biyu, baya kuma a rufe da allo tunda bango zai jingina. Mai gurza-gurza na gini yana goge wa kare haƙori da hanci, a bar wa magina. Tazarar sanduna kada ta wuce inci 2, domin idan ta fi haka kare na iya cusa muƙamuƙi ko ƙafa ya maƙale. A huda gicciyen sama da na ƙasa zurfin inci ɗaya a zura rodin, bayan an shafa masa jan fenti na hana tsatsa. Ƙafafu su ɗaga kejin inci 4 daga ƙasa, a sa musu takalmin roba. Ƙasan ciki faranti ne na kwano mara tsatsa, mai naɗaɗɗen baki, wanda ake jawowa kamar aljihun teburi. Ƙofa hinjis uku, sakata biyu, sama da ƙasa, don kare mai ƙarfi na tura kusurwar da ba sakata har ƙofar ta lanƙwashe.

Yanzu ga inda kuɗi ke salwanta. Katako iri-iri ana samunsa a Na'ibawa a Kano, Dei-Dei a Abuja, kasuwar Katako a Jos da ta Yamai, amma samun katako daban, samun wanda ka biya kuɗinsa daban. Ha'incin da ya fi yawa shi ne rini. A ɗauki afara a shafa mata launi, a bi da banish mai duhu, a ce maka iroko ne. Bayan an gama fenti ko kafinta sai ya duba da kyau. Maganinsa kada ka yarda a shafa komai sai ka gani da idonka. Idan an riga an shafa, sa wuƙa ka kankare ƙarƙashin gicciye inda ido ba ya kai: iroko launinsa har ciki, rinanne fari ne a ƙasa. Ɗaga kusurwa ɗaya kuma, babban kejin iroko ba ya tashi da hannu ɗaya cikin sauƙi.

Akwai wanda ya fi wannan wayo: iroko ne na gaske, amma ɓangaren da ke kusa da ɓawo. Wannan farin gefen ba shi da kariyar zuciyar, ƙwaro na cinsa kamar kowane katako. Duba kan kowane yanki, idan ka ga fari-fari ya ratsa gefe, ajiye shi. Ƙananan ramuka masu fitar da gari alama ce ƙwaro na ciki. Wasu na cike su da garin katako da gam su goge, don haka buga katakon a ƙasa ka ga ko gari zai zubo.

Sai ɗanyen katako, wanda shi ne ya fi ɓata aiki a Arewa. Daga kudu ake kawo shi da ruwansa, a yi keji da damina ya yi kyau, hunturu na shigowa sama ya tsage, ƙofa ta karkace, rodi ya fara girgiza a raminsa. Waɗannan tsagogin kuma su ne gidan kaska, ba ka iya fitar da ita daga ciki da wanki. Ɗanye yana da sanyi a tafin hannu, nauyinsa ya wuce kima, idan ka ƙwanƙwasa sautinsa a dushe yake. Wanda ke da na'urar auna danshi ya nemi ƙasa da kashi 12 cikin ɗari. Wanda ba shi da ita ya sayi katakon da wuri, ya jera a inuwa da 'yan sanduna tsakanin kowane layi, ya bar shi makonni kafin a taɓa.

Awo ma ana taɓa shi. Rodin da aka kira 12 sai ka auna ka ga 10, wani ma siririn bututu ne da kare zai lanƙwasa. Katakon 2 da 3 bayan an fere dole ya ragu kaɗan, amma idan ya koma kusan inci ɗaya da rabi tun kafin a fere, an rage maka. Tafi da tef ɗinka. Haɗin kusurwa kuma ka nemi a sassaƙa mace da namiji a sa gam, domin ƙusa kaɗai takan saki bayan kare ya yi ta jingina da tsalle, kanta ya fito ya yanke shi. Kafinta da ya ce zai shafa baƙin man mota don gara, ce masa a'a. Bayan banish a bar kejin a iska mako guda kafin kare ya shiga.

Wajen biya, sayi katako da rodi da kanka ka kai, ka sa alamar biro a kan kowane yanki. Kuɗin aiki a raba uku: kafin alƙalami, sai bayan ka ga firam tsirara ba fenti, cikon kuma ranar da aka kawo, ka jawo farantin ƙasa ka mayar, ka buɗe ƙofa ka rufe, ka girgiza kowane rodi da hannu.