Gargaɗi ga masu tsohuwar Marsandi: a yi hattara da masu tallar injin gilashin ƙofa a Facebook

Assalamu alaikum. Na rubuta wannan ne saboda 'yan'uwa masu riƙe da tsofaffin motoci, musamman Marsandi ƙirar W123, irin su 200 da 230E, waɗanda kamfanin Mercedes-Benz ya ƙera daga 1976 zuwa 1986. Wasu 'yan damfara sun lura cewa kayan ƙofar waɗannan motoci sun yi wuyar samu a kasuwanninmu, sai suka mayar da abin hanyar cin abinci, kuma ni kaina na faɗa hannun ɗaya daga cikinsu.

Motata 230E ce da na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya sa ba na iya ganin ta da wata matsala in yi barci. Gilashin ƙofar direba ya fara hawa a karkace yana ƙara, har wata safiya da damina ya zame ya faɗa cikin ƙofar gaba ɗaya. Na zaga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ina neman injin gilashi, wato ƙarfen da ke ɗaga gilashin ƙofa ya sauke shi, ban dace da irin nawa ba, sai na yi cigiya a wani zauren masu tsofaffin motoci a Facebook. Ko awa ɗaya ba a yi ba wani ya tuntuɓe ni ta WhatsApp da ladabi mai yawa, kowace magana sai ya ce "Alhaji, ranka ya daɗe", ya ce yana da shago a Legas, kayansa kuma daga Jamus suke shigowa ta Kwatano. Ya turo mini hoton injin gilashi mai tsabta, ya nemi rabin kuɗi kafin alƙalami. Da na ga sunan da ke kan asusun bankin ba nasa ba ne na tambaye shi, ya ce na ƙanensa ne mai tsaron shago. A nan ya kamata in tsaya, amma ruwan sama yana shiga mini mota, sai na tura. Washegari ya nemi kuɗin mota, bayan kwana biyu kuma ya ce direba ba zai ɗauki kaya ba sai an cika sauran.

Da na buɗe kwalin a tasha, warin sabon fenti ne ya fara buge ni. An fesa wa ƙarfen baƙin fenti a kan tsatsa, na ƙofar baya ne ba na gaba ba, kuma irin na murɗawa da hannu ne alhali na motata na lantarki ne. Da na kankare fentin da makulli sai na ga haƙora uku an cike su da walda an goge da magagari. Kafin in koma gida ya toshe lambata.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne abin da bakanikena ya nuna mini da ya cire murfin cikin ƙofar, aikin da ya kamata in sa a yi tun kafin in nemi komai. Injin gilashin waɗannan motoci ba wani abu ne mai rikitarwa ba: akwai faifan ƙarfe mai haƙora wanda ƙaramin giya na moton lantarki ko na hannun murɗawa yake juyawa, sai hannun ƙarfe da ke ɗaga gilashin, a bakinsa kuma akwai wata 'yar roba da ke zamewa cikin layin da ke ƙasan gilashin. Bayan shekara arba'in robar nan takan bushe ta fashe, giris kuma ya haɗu da ƙurar hunturu ya daskare kamar laka. A tawa motar robar ce kawai ta karye, haƙoran kuwa lafiyarsu lau. Ya wanke layin, ya sa sabon giris, aka samo robar, gilashin ya koma hawa da sauka salin alin. Ya ƙara da cewa idan gilashi ya ƙi motsi kwata-kwata ba tare da wata ƙara ba, a fara duba fis, domin tsofaffin fis ɗin wannan mota bakinsu yakan ci tsatsa, sannan a duba makunnan gilashin da ke kusa da sandar canza giya, waɗanda datti ke hana su aiki. Da a ce na ɗaura abin da aka turo mini, haƙoran waldar za su iya cijewa a tsakiyar hanya su karkatar da gilashin har ya fashe, kuma neman gilashin wata sabuwar wahala ce.

Don haka duk wanda zai saya daga nesa, ya fara ciro tsohon ya riƙe shi a hannu. Na gaba daban yake da na baya, na hagu daban da na dama, na lantarki daban da na hannu, kuma lambar kayan wannan ƙirar galibi da 123 take farawa. A nemi mai sayarwa ya yi kiran bidiyo yana riƙe da kayan, ya nuna haƙoran kusa da kyamara ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ce kyamararsa ta lalace ko yana kan hanya, a rabu da shi. Idan akwai wani ɗan'uwa a garin, gara a biya shi ɗawainiya ya je ya gani da idonsa kafin ko sisi ya fita.

Wanda kuma aka riga aka cuta, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya sanar da bankinsa nan take, ya ajiye shaidar tura kuɗin da duk saƙonnin, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC. Ni na yi hakan, kuma ina bibiya. Mutumin ya sauya sunan shafinsa da lambar waya, amma har yanzu da hoton nan yake talla: injin gilashi a kwance kan shuɗiyar tamfol, da sifana a gefensa. Duk wanda aka turo wa wannan hoton, don Allah kada ya tura kuɗi, kuma ya sanar da masu kula da zauren da ya gan shi.