Leipō da Aperchomai: Bari ne ko Tafiya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko leipō (λείπω) da aperchomai (ἀπέρχομαι) ma'anarsu ɗaya ce a tsohon Girkanci, tunda ka ga ƙamus ya fassara su da kalma guda. Ba ɗaya ba ne, kuma bambancinsu shi ne wanda muke ji tsakanin "ya bar gida" da "ya tafi".

Leipō aikatau ne so-karɓau, wato mai ɗaukar karɓau (abin da aikin ya faɗa wa), hankalinsa yana kan abin da aka bari a baya, shi ya sa mutum ko wurin da aka bari yake zuwa a siffar karɓau kai tsaye. Wahalarsa ga mai koyo tana cikin wasalin saiwarsa, wanda yake sauyawa kashi uku: leip- a lokaci mai ci, lip- a shuɗaɗɗen lokaci (elipon, na bari), sannan loip- a leloipa, wato na riga na bari. Daga wannan ta ukun aka sami loipos, ma'ana saura. Abin da ya fi burge ni shi ne, idan ya zo ba karɓau, sai ma'anarsa ta koma rashi ko gazawa. A Linjilar Luka 18:22 an ce wa wani mai dukiya "eti hen soi leipei", wato abu ɗaya ya rage maka. Babu wanda ya bar wani wuri a wannan jimla. Haka ekleipsis, sunan da Girkawa suka ba husufi, domin rana ko wata ya gaza bayyana. A Girkancin Sabon Alkawari, a cikin dangin leipō, kataleipō (leipō da aka ƙara wa kata a gaba) ne ya fi ɗaukar nauyin ma'anar bari.

Aperchomai kuwa ƙi-karɓau ne, an gina shi da ɗafa-goshin apo (daga) da erchomai (zuwa ko tafiya), kuma mai tafiyar yake kallo. Idan za a ambaci inda aka taso, sai an sa apo ko ek, inda aka nufa kuma eis. Shuɗaɗɗensa apēlthon daga wata saiwa dabam ya fito, don haka haddace shi ake yi. Matiyu 19:22 ya rufe labarin mai dukiyar nan da "apēlthen lypoumenos", ya tafi yana baƙin ciki, ba tare da an faɗi abin da ya bari ba.