Zoben matse idon kyamara: yadda na gane wani tsohon gilashi na tagulla, na kuma ɗaura shi

A cikin kayan da kawuna ya bari bayan rasuwarsa akwai wani idon kyamara na tagulla, naɗe a tsumma cikin gwangwanin madara. Ya yi sana'ar ɗaukar hoto tun zamanin kyamarar katako mai ƙafa uku, wadda mai hoto ke cusa kansa cikin baƙin ƙyalle kafin ya ɗauka. Babu sunan maƙeri a jikin idon, kuma zoben da ake murɗa shi a ciki don a kafa shi a allon gaban kyamara ya ɓace. Wannan ne ya sa na sayi abin da nake son yin bayani a kansa, wato zoben matsewa mai faranta, wanda masu sayarwa a intanet ke tallatawa da cewa zai riƙe kowane tsohon ido ko da babu zobensa na asali.

Kafin na saya sai da na tsaya na gane abin da ke hannuna, kuma ina ganin duk mai niyyar sayen zoben ya kamata ya fara daga nan, domin girman zoben da allon da za a yanka duk sun dogara ne ga awon idon. Na fara da tocilar waya a ɗaki mai duhu. Idan aka haska gilashi, kowace fuska da ke taɓa iska tana mayar da ɗigon haske mai ƙarfi, ita kuwa fuskar da aka manne gilashi biyu a cikinta tana mayar da ɗigo mai rauni ƙwarai. Na kwance ɓangaren gaba na ga ɗigo biyu masu ƙarfi da ɗaya mai rauni, na kwance na baya na ga daidai haka, kuma girman ɓangarorin biyu ɗaya ne. Da ƙirar Petzval ce, wadda Joseph Petzval ya lissafa a Biyana ta ƙasar Austiriya a 1840, da ɓangaren baya ya nuna ɗigo huɗu masu ƙarfi, saboda gilasansa biyu ba manne suke ba, akwai iska a tsakaninsu. Abin da na gani ya dace da ƙirar Rapid Rectilinear da maƙerin idon kyamara Dallmeyer ya fitar a Landan a 1866, shekarar da wani maƙerin, Steinheil, ya fitar da irinta a Jamus da sunan Aplanat, kuma daga baya maƙera masu yawa suka yi ta kwaikwayonta ba tare da sa suna ba.

Daga nan na tsaya a bakin taga, na sa idon ya jefa hoton wata hasumiyar masallaci mai nisa a kan farar takarda, na auna da rula daga takardar zuwa tsakiyar bututun, na sami kusan milimita 240. Faɗin ƙofar haske idan an buɗe ta duka kusan milimita 30 ne, kuma idan aka raba 240 da 30 ana samun 8, wato f/8, wanda shi ne abin da aka saba gani a wannan ƙira. Lambobin da aka zana a jikin bututun sun ɗan rikita ni da farko, domin 4, 8, 16, 32, 64 da 128 ne. Waɗannan na wani tsohon tsarin awo ne da aka amince da shi a Ingila a 1881, aka kuma daɗe ana amfani da shi a Amurka, inda 4 ke nufin f/8, 8 ke nufin f/11, 32 ke nufin f/22, kuma a 16 kaɗai tsarin biyu ke haɗuwa. Wanda bai san wannan ba zai ɓata takardun hoto da yawa yana zargin gilashin. Kasancewar ƙofar hasken mai juyawa ce, maimakon tsagar da ake zura faranta masu huji irin na Waterhouse da suka fito a 1858, ya sa na ɗauka cewa an ƙera shi tsakanin ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20.

Shi zoben matsewa ba sabuwar dabara ba ce, masu hoto sun daɗe da saninsa. Kamanninsa kamar babbar ƙofar haske ce, sai dai farantansa na ƙarfe ne masu kauri, kuma yana da maɓalli biyu: ɗaya yana tsuke farantan har su kama bututun, ɗayan yana kulle su. Wanda na saya ba shi da sunan kamfani, yana buɗewa ya kai kimanin milimita 60, kuma ya zo da ramuka huɗu na sukurori amma babu sukurorin, babu kuma takardar bayani ko guda.

Matsala ta farko ita ce girmansa. Faɗinsa daga gefe zuwa gefe ya kusa santimita 10, saboda haka ba zai zauna da kyau a ƙaramin allo irin na kyamarar Linhof Technika mai milimita 96 a 99 ba, ballantana maɓallansa su sami wurin juyawa. Mai tallar ya faɗi faɗin ramin ciki, ya yi shiru a kan faɗin waje, alhali shi ne ke nuna ko abin zai shiga kyamararka. Kyamarata ta katako ce mai ɗaukar fim na inci 4 a 5, allonta kuma ya ɗan fi wancan girma, don haka na kai wa wani kafinta falanki ya yanka mini sabon allo, ya huda tsakiya, na shafa baƙin fenti marar sheƙi a bayansa.

Da aka ɗaura shi, aikin da aka saye shi dominsa ya yi shi. Na zura idon, na juya maɓallin, farantan suka sauka cikin tsagin tiredin suka kama shi, kuma cikin minti ɗaya hoton darbejiyar ƙofar gidanmu ya bayyana a gilashin baya, kai a ƙasa kamar yadda ya kamata. Hasken ya cika gilashin har kusurwoyi, da sauran rara idan na ɗaga allon gaba. Tsakiyar hoton tana da kaifi tun a f/8, gefuna kuwa sai an tsuke ƙofar hasken zuwa f/22 suke daidaita. Don hoton mutum a nisan mita biyu sai da na ja zugazugin kyamarar ya kai kusan santimita 27. Da yake idon ba shi da abin buɗewa da rufewa, na yi yadda kawu ke yi: na sa takardar wanke hoto a madadin fim, wadda ba ta jin haske da sauri, na cire murfi a inuwa, na ƙirga daƙiƙa biyu a f/16, na mayar. Gilashin ba shi da rufin hana ƙyalli irin na zamani, shi ya sa idan rana tana gabansa hoton kan yi fari-fari, amma bututun kwali baƙi a bakinsa ya rage wannan sosai.

Hotuna biyu na farko sun fito da hazo a gefe ɗaya. Na shiga ɗaki na kashe fitila, na sa tocila cikin zugazugin, sai ga siraran layukan haske suna fita ta tsakanin farantan da jikin bututun. Farantan ba sa yin cikakken da'ira, kusurwoyi suke yi, kuma kowace kusurwa ƙofa ce ga haske. Na yanka zobe daga baƙin ƙyalle mai kauri na sa a bayan kafaɗar idon, hazon ya tafi. Akwai kuma batun karkacewa, domin idan ba a danna kafaɗar ta kwanta a kan farantan kafin a kulle ba, idon kan ɗan sunkuya, sai gefe ɗaya na hoton ya yi kaifi ɗayan ya dushe. Bayan na cire shi na ga farantan sun bar ƴan ƙananan tabo a tiredin tagullar, abin da ya ɓata mini rai fiye da sauran, tun da tagulla ta fi ƙarfen laushi. Yanzu ina naɗa siririn tef a wurin kafin na matse.

Wani abokina ya kawo nasa Petzval, irin na injin haska hoto a bango, mai nauyin da ya kusa kilo ɗaya, muka gwada. Zoben ya kama shi, amma dogon bututun ya rinjayi farantan, bakinsa ya yi ƙasa muna kallo, kuma ban yarda na saki hannuna daga ƙarƙashinsa ba har muka cire. Ga ido mai irin wannan nauyi ban ba da shawarar a dogara da shi ba ko na yini ɗaya. Ƙurar hunturu ma ta shiga tsakanin farantan, maɓallin ya fara cijewa, kuma na guji sa masa mai don kada ya kai ga gilashi, na riƙa busa shi da famfon roba.

A ganina wanda ke sayen tsofaffin idanu yana gwadawa, ko yake da uku ko huɗu marasa zobe, kuɗinsa bai tafi a banza ba, domin allo ɗaya zai ishe shi. Wanda yake da ido ɗaya tak da yake son amfani da shi kullum gara ya kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya yi masa zobe daidai da shi. Haka na yi da na kawu daga baya. Mai injin ya auna tiredin ya ce ba na milimita ba ne, na inci ne, ya riƙe idon kwana biyu yana gwadawa, ya sassaƙa zoben daga guntun alminiyom, kuma kuɗin aikin bai kai rabin abin da na biya na zoben matsewar da kuɗin kawowa ba.