Hattara da dillalin mota da ke cewa giyar CVT ba ta mutuwa

Assalamu alaikum jama'ar Bauchi. Ina rubuta wannan raina a ɓace, don abin da aka yi wa ƙanena ba na so a yi wa ɗan kowa.

Akwai wani dillalin motoci da ke tallata 'yan Kwatano a Facebook da WhatsApp. Ba shi da wurin ajiya tsayayye, duk inda kuka yi waya nan zai kawo maka mota an wanke ta tas. Ba zan kama sunansa ba tunda magana tana gaban hukuma, amma salonsa ɗaya ne, za ku gane shi. Ƙanena ya yi shekaru yana tara kuɗi daga ɗan albashinsa. Da ya tambayi lafiyar giya, sai mutumin ya dafa ƙirji ya ce, "Alhaji, wannan CVT ce, ba ta mutuwa. Man da ke cikinta ma har abada ne, ba a taɓa shi." CVT ɗin nan wata irin giyar otomatik ce. Aka yi gwaji da sanyin safiya, daga Wunti zuwa shataletalen Gidan Mai aka juyo. Mota shiru kamar sabuwa. Ya biya, har da la'ada.

Kwana tara bayan nan ya ɗauki iyalinsa za su Jos. Sun wuce Nabordo, rana ta take, hanya ta fara hawa, sai mota ta kama kakkarwa. Ya taka totur, inji na ihu, mota ba ta gaba. Ya kira ni muryarsa na rawa: "Yaya, ga mu a daji da yara." Janyo ta aka yi.

Ina tsaye a gareji bakanike ya kwance farantin ƙasan giyar. Man da ya zubo baƙi ƙirin, yana ƙauri kamar tuwon da ya kama. Maganaɗisun da ke cikin farantin ya cika da garin ƙarfe, har ya lakato da yatsa ya nuna mini. Ya ce an zuba mata wani mai mai kauri ne don ya rufe kukan da take yi. Sai yaronsa ya gano wata 'yar takarda manne a jikin ƙofar direba, ta wurin da aka yi mata juyen mai a Amurka. Lambar tafiyar da aka rubuta a jiki ta kusa ninka wadda mitar motar ke nunawa. Wato an mayar da mita baya.

A nan yaudarar take. CVT ba irin giyar da muka saba da ita ba ce mai lamba ɗaya, biyu, uku. Fuli biyu ne, wato ƙarafa masu juyawa da bel ke hawa kansu, masu buɗewa da tsukewa, da bel na ƙarfe ko sarƙa a tsakaninsu, kuma man giyar ne ke matse su yana sanyaya su. Idan man ya tsufa ko zafi ya yi yawa, bel ɗin ya fara sulɓi yana cin fulin, to an kama hanyar mutuwa. Wadda aka kula da ita tana iya haura kilomita 200,000, wadda aka wulaƙanta kuwa tun da wuri take zubewa. Kamfanin Nissan da kansa ya tsawaita garantin CVT na motocinsa ƙirar 2003 zuwa 2010 a Amurka zuwa shekara 10 ko mil 120,000, kusan kilomita 193,000 ke nan. Wanda ya ƙera abu ya sa masa iyaka, sai dillali ne zai ce maka har abada? Ga kuma zafinmu na Maris da Afrilu, ga lodi, ga ƙura.

Kada ma ka ɗauka abin na mota ɗaya ne. Altima daga 2007, Accord mai silinda huɗu daga 2013, Corolla ta Amurka daga 2014, yawancinsu CVT ne, kuma kowacce da nata man: NS-2 ko NS-3 na Nissan, HCF-2 na Honda. Man giyar otomatik na gama-gari da ake aunawa a galan guba ne a gare ta.

Don Allah duk wanda zai saya, kada ya yarda da gwajin cikin gari da safe. Ka zuba mai da kuɗinka, ka ɗauki bakaniken da ka yarda da shi, ku hau titin Jos ko na Gombe har giya ta yi zafi sosai, sannan a jona mata kwamfuta bayan kun dawo, domin ana goge laifuffukan da kwamfutar motar ta adana kafin a kawo maka. Lambar VIN mai harafi da lamba 17 tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da ita ake duba tarihin motar da ta fito daga Amurka, har da tafiyar da ta yi. Idan dillali ya fara cewa babu lokaci, wani Alhaji na jira da kuɗi a hannu, ka bar wa Alhajin.

Motar ƙanena tana gareji har yanzu, an ce sai dai a sauke giyar gaba ɗaya a nemo wata. Shi kuwa mutumin, jiya da daddare na ga ya ɗora wata farar mota a shafinsa, ya rubuta a ƙasa: giya lafiya lau, saya ka hau.