Taya da Kujerar Yara: Abin da Za a Fara Saya Kafin Doguwar Tafiya da Iyali

Idan lokacin hutu ya gabato, hanyoyi suka cika maƙil da motoci, magidanta da yawa kan fara tunanin abin da zai ɗebe wa yara kewa a hanya, alhali a ganina kuɗin da aka ware domin shiri ya kamata ya fara tafiya kan abubuwa biyu da rayukan mutanen cikin motar suka rataya a kansu, wato taya da kujerar yara.

Zaɓi na farko shi ne tsakanin sabuwar taya da ta hannu. Ta hannu tana da araha, kuma sau da yawa zanenta yana nan da kaurinsa, amma roba tana tsufa ko da ba ta taɓa taka kwalta ba, sannan ido ba ya ganin raunin da faɗawa rami ya bari a cikinta. Kafin ka biya, ka durƙusa ka share ƙurar gefen tayar da yatsa, ka nemi haruffan DOT, domin lambobi huɗu na ƙarshen layin su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2322, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2022. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a riƙa kai taya wurin gwani duk shekara da zarar ta yi shekara 5 tana aiki, a kuma sauya ta idan ta cika shekara 10 da ƙerawa ko da tana da kyan gani. A ƙasashe da dama doka ba ta yarda zurfin zane ya gaza milimita 1.6 ba, sai dai mai tafiya da iyali, musamman idan ana ruwa, bai kamata ya jira har ta kai wannan iyaka ba. Idan aljihu ba zai ɗauki huɗu ba, a sayi sababbi biyu a sa su a baya, saboda motar da bayanta ya zame ta fi wuyar shawo kai.

Safaya ma iri-iri ce. Cikakkiya ta fi kowace, ƙarama siririya kuma yawanci ba a wuce kilomita 80 a awa da ita, yayin da ruwan liƙe huji da wasu motoci ke zuwa da shi ba ya amfani idan gefen tayar ne ya tsage.

Batun kujerar yara ya fi damuna, domin har yanzu ana ganin uwa ta rungume jariri a cinya tana zaton hannunta ya isa, ga shi kuwa a lokacin karo nauyin yaro kan ninka sau da yawa har babu hannun da zai iya riƙe shi. A kasuwa za ka tarar da tambari biyu na ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya: tsohuwar R44 da ke raba kujeru bisa nauyin yaro, da R129 wadda ta fara aiki a 2013, mai bin tsawonsa, wadda ta ƙara gwajin karo ta gefe, ta kuma wajabta yaro ya fuskanci baya har ya cika wata 15. Ta biyun nake fifitawa. Sai kuma yadda ake ɗaure ta: mai ƙugiyoyin ISOFIX tana maƙalewa a ƙarafan da ke lungun kujerar baya, kuskure ya yi ƙaranci, amma sai motarka tana da su. Wadda ake ɗaurewa da bel tana shiga kusan kowace mota, kuma ba ta gaza ba matuƙar an bi hanyar bel ɗin daidai. Bayan ka ɗaura, ka kama ta daga ƙasa ka girgiza, idan ta motsa fiye da santimita 2.5 to ba ta zauna ba. Kada a taɓa sa kujera mai fuskantar baya a gaba alhali jakar iskar da ke kumbura lokacin karo (airbag) tana aiki. Kujera ta hannu kuwa ban ba da shawararta ba sai daga wanda ka amince da shi, tun da kujerar da ta taɓa shiga haɗari tana iya tsagewa a inda ba a gani.

Sauran kayan ba su buƙatar dogon nazari. Wayoyin jona batir ba su lalacewa da ajiya, amma sai an sami wata mota ta tsaya. Ƙaramar na'urar tayar da batir tana aiki ita kaɗai, da sharaɗin a cika mata caji kuma kada a bar ta a cikin mota mai zafi. Akwatin saman mota yana rage cunkoso, sai dai yana ƙara shan mai, kuma nauyin da littafin motar ya ƙayyade wa rufi ya haɗa da nauyin akwatin kansa, saboda haka kaya masu nauyi su zauna a but, marasa nauyi su hau sama.

Duk abin da za a saya, a saye shi aƙalla mako guda kafin tafiya, a ɗan zagaya da yaran cikin sabuwar kujerarsu, sannan a auna iskar tayoyin da safe kafin su yi zafi, bisa adadin da aka rubuta wa mota mai cikakken lodi a jikin ƙofar direba.